Awa 12 nake yi a mat'am, kuma an kawo min takarda in sa hannu. Me doka ta ce?

Ɗan Gwammaja, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abin da ake rubutawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya kai ni maƙura. Don Allah wanda ya san dokar aiki ta ƙasar nan ta Saudiyya ya taimake ni. Ku yi haƙuri da tsawon bayanin, ina so ne ku ga yadda abin yake kafin ku ba ni shawara.

Shekarata biyu da wata huɗu a wani mat'am a nan Jidda, inda ake sayar da shinkafar bukhari da gasasshiyar kaza. Ta hannun ejan na zo da bizar aiki, igamata, wato katin izinin zama, tana raye, kwantiragina yana cikin Qiwa, shafin gwamnati da ake rajistar kwantiragin aiki. Abin da aka rubuta a ciki: albashin asali riyal 1,200, kuɗin abinci 300, jimla 1,500, wurin kwana a kan mai gida, aiki awa 8, hutu kwana ɗaya a mako.

A aikace kuwa, ƙarfe 11 na safe nake dangwala yatsa a na'urar basma da ke ƙofar baya, ba na sake dangwalawa sai 11 na dare. Ni ne a kan injin gashin kaza, ni ne kuma mai wanke manyan tukwanen shinkafa idan an tashi. Wanda ya taɓa tsayawa gaban wutar nan a watan Yuli ya san abin da nake faɗa. Hannuna na dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa, duk tabon ƙuna ne na ƙarafan da ake tsire kajin, wani bai gama warkewa ba wani ya hau kansa. Sallah da cin abinci in ka haɗa su duka awa ɗaya ce a yini. Hutu sau biyu ake ba ni a wata, shi ma sai in babu wanda ya kwanta rashin lafiya. A azumi muna farawa ƙarfe 4 na yamma, mu tashi 3 na dare bayan an gama sayar da na sahur. Da dabino uku da ruwa nake buɗe baki a tsaye, saboda daidai lokacin ne layin masu saye ya fi tsawo.

Tun da na zo ko halala ɗaya ba a taɓa ƙara min ba a kan waɗannan awowi. Na taɓa tambayar mudir, wato manajanmu, sau ɗaya, ya ce haka aikin mat'am yake a ko'ina, duk yana cikin albashi. Na yi shiru.

Tun bara kuma aka fara cire riyal 200 duk wata, wai kuɗin sabunta igama. Shi ma na haƙura. Amma yanzu albashin wata biyu bai shigo ba, na uku ya kusa cika. A gida Kano ina da mata da yara uku, babbar za ta shiga sakandare, ga mahaifiyata da maganin hawan jini, ga ragowar bashin da na ci na biya ejan. Shekaranjiya matata ta kira ni ta ce mai shago ya daina ba su kaya bashi. Muna ɗaki ɗaya mu shida a kan gadaje masu hawa biyu, sai na fita bakin titi na zauna don kada su ga idona.

Abin da ya sa na rubuto shi ne takardar da mudir ya kawo jiya. Ya ce in na sa hannu na dangwala, za a ba ni wata ɗaya a hannu nan take, sauran ya biyo baya. Larabcina na allo ne da na kasuwa, amma na gane inda aka rubuta cewa na karɓi dukkan haƙƙoƙina kuma ba na bin mat'am komai. Biyu daga cikin abokan aikina sun sa hannu sun karɓa. Ni na ce a ba ni kwana biyu in yi tunani. Takardar tana nan na ninke ta cikin rigar matashina.

To ina tambaya. Awowin nan da nake ƙarawa, da gaske suna cikin albashi? Kuɗin igama a kaina yake? Wani ya ce min mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan riyal 4,000 ne, gaskiya ne? Kuma in na ƙi sa hannu, me za su iya yi min? Ba na son rigima, ba na kuma son in zama butulu, don mai gidan bai taɓa zagina ba, da mahaifina ya rasu ma ya ba ni riyal 500 daga aljihunsa. Amma yarana suna jin yunwa.

Baban Khalifa, Dammam:

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya yaye maka. Kafin komai: kada ka sa hannu a takardar nan. Abin da suke kira mukhalasa ke nan, shaidar cewa an wanke tsakaninku. Na yi shekaru ina aikin lissafin albashi a wata sharika, wato kamfani, a nan, na ga irinta da yawa. Gaskiya ne sashe na 8 na Nizamul Amal, wato dokar aiki, ya ce duk wata yafiya ko sulhu a kan haƙƙin ma'aikaci da aka yi alhali kwantiragi yana ci, ba ta da ƙarfi sai in ta fi amfanar ma'aikacin. Amma me zai sa ka ba su makami da hannunka, sannan ka zo kana wahalar nuna wa alƙali cewa ba ka karɓi abin da ka dangwala ka ce ka karɓa ba? In za su ba ka wata ɗaya, su tura ta banki. In a hannu ne, ka sa hannu a kan rasidin da ya faɗi adadin kuɗin da sunan watan kawai.

Yanzu maganar awowi. Dokar da ake aiki da ita ta 2005 ce, an yi mata gyare-gyare, na baya-bayan nan ya fara aiki a Fabrairun 2025. Sashe na 98 ya ce awa 8 a rana ko 48 a mako, a watan Ramadan kuma ga Musulmi awa 6 a rana ko 36 a mako. Sashe na 101 ya hana a sa mutum aiki fiye da awa 5 a jere ba tare da hutun aƙalla rabin awa na sallah da abinci ba. Lokacin hutun nan ba a lissafa shi cikin aiki, don haka kai awa 11 kake yi, ba 12 ba. Gara ka san wannan tun yanzu don kada su kama ka da shi. Duk da haka awa 3 ke nan a sama kullum, a azumi kuma 4.

Sashe na 107 shi ne na idafi, wato obatayim. Kowace awa ta ƙari ana biyan kuɗin awar, a ɗora rabin kuɗin awa na albashin asali. Ɗauko biro mu yi tare. Ana raba albashin wata gida 30, sannan gida 8. Riyal 1,500 ya ba ka 6.25 a awa. Na asalin, 1,200, ya ba ka 5, rabinsa 2.5. Kowace awar ƙari riyal 8.75 ke nan. Awa 3 sau kwana 26 awa 78 ce, kuɗinta 682.5. Sai ranakun hutu biyu da kake aiki a cikinsu duk wata, su gaba ɗayansu idafi ne, awa 22, kuɗinsu 192.5. Haɗa: riyal 875 a wata. Fiye da rabin albashinka ke nan kake bar musu kowane wata, ƙanena. Gyaran 2025 ya ba da damar a ba mutum ranakun hutu a maimakon kuɗin, amma sai da yardarsa, kai kuwa ba kuɗin ba hutun.

Akwai lokutan da doka ta yarda a tsawaita aiki, kamar lokacin idi da cunkoson kasuwa, amma ko a nan ba a wuce awa 10 a rana ko 60 a mako, kuma biyan idafin yana nan daram. Maganar mudir cewa haka aikin mat'am yake, al'ada ce ya faɗa maka, babu ita a doka.

Kuɗin igama ba naka ba ne. Sashe na 40 ya ɗora wa mai aiki kuɗin ɗauko ma'aikaci, da igama, da lasisin aiki, da sabunta su, da tikitin komawa gida idan aiki ya ƙare. Duk 200 ɗin da aka cire kana bin su.

Riyal 4,000 kuwa wanda ya gaya maka ya ji ne bai ji ƙarshe ba. Wannan adadi na 'yan ƙasa ne, a tsarin Nitaqat: sai sharika ta biya Basa'ude 4,000 kafin a ƙirga shi a matsayin cikakken mutum ɗaya cikin kason 'yan ƙasa da aka wajabta mata. Mu baƙi babu wani adadi na bai-ɗaya da dokar aiki ta yanka mana, abin da ke cikin kwantiraginka shi ne naka. Kada ka sa wannan cikin ƙorafinka, zai raunana sauran.

Abin da za ka fara yi yau ɗin nan: shiga Qiwa ka sauke kwantiraginka ka adana. Ka ciro bayanin asusunka na banki tun daga watan da ka fara. Tun 2013 aka fara tsarin kare albashi, yanzu ta shafin Mudad na biyan albashi sharikoki ke nuna sun biya, saboda haka wata biyun nan da ba su shigo ba, ma'aikatar ma tana iya gani. Ka ɗauki hoton takardar da aka ba ka kafin ka mayar. Kuma ka ci gaba da zuwa aiki kana dangwala basma kamar kullum.

Alhaji na Shari' Mansur, Makka:

Ɗana, sannu. Na karanta maganarka sau biyu. Ni a nan aka haife ni, kakana da ƙafa ya zo ta Sudan, kuma na ga yara irinka ba adadi.

Abin da Baban Khalifa ya faɗa haka yake, ba ni da ja. Abu ɗaya zan ƙara: kada zuciya ta ɗebe ka ka daina zuwa aiki. Wannan shi ne ramin da yaranmu suka fi faɗawa. Yaro yana da gaskiya, yana bin kuɗi, sai ya yi fushi ya kwashe kayansa ya koma wurin abokai a unguwar Karantina ta Jidda ko nan wajenmu. Kafili, wato mai gidan da ya ɗauki nauyin bizarsa, ya kai rahoton ya gudu. Daga baya mai bin bashi ya koma wanda ake nema, ƙarshenta Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, a sa shi a jirgi da kayan jikinsa. Na raka fiye da ɗaya da ledar tufafi da ɗan guzuri, abin ba daɗin gani.

Sannan ka ce mai gidan ya yi maka alheri da mahaifinka ya rasu. To ka taɓa zama da shi kansa? Sau da yawa mai dukiya yana can, mudir ne ke juya komai, wani abin ma bai san an yi ba. Ka sami dattijo mai Larabci mai kyau, wanda zai yi magana a natse, ku same shi bayan la'asar. A fara da godiya a kan abin da ya yi, sannan a ajiye masa lissafi a rubuce. A tuna masa faɗar Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Mutanen nan sun san hadisin sarai, kuma da yawansu suna jin kunyar a zo musu da shi cikin mutunci. Neman haƙƙinka ba butulci ba ne, ɗana. Riyal 500 da ya ba ka sadaka ce, ladanta yana wurin Allah, ba ta biya gumin wata biyu ba.

Ni dai ban so ka fara da maktabul amal, wato ofishin ƙwadago, ba. In ka kai mutum ƙara, ko ka ci nasara zaman ya ɓaci, kuma kana kwana a ɗakinsa. A gwada ta gida tukuna.

Maman Ummi, Riyad:

Allah ya kawo maka mafita ɗan uwa. Ni tambaya ce da ni ga Baban Khalifa, ku yi min afuwa na shigo cikin zancen wani. Aikin gida nake, shekara uku da rabi a gida ɗaya. Ina tashi kafin asuba in haɗa wa yara abin karyawa, ba na kwanciya sai an gama shan gahawa an wanke kofuna, wani lokacin 1 na dare. Uwar gidan ba ta da mugunta, kuɗina yana zuwa a kan lokaci. Amma wannan lissafin na idafi da ka yi, ni ma ya shafe ni? Ƙanena direban gida ne a Ƙasim, shi ma ya ce in tambaya masa.

Baban Khalifa, Dammam:

Hajiya, ke da ƙaninki dokarku daban ce. Sashe na 7 ya cire masu aikin gida daga Nizamul Amal, kuma direban gida yana cikinsu, ko da mota yake ja. Kuna da ƙa'idarku ta musamman, sabuwarta ta fara aiki a Oktoban 2024. A cikinta aiki ba ya wuce awa 10 a rana, akwai hutun kwana ɗaya a mako da biya, akwai hutun wata guda da albashi bayan shekara biyu, in kuma kika cika shekara huɗu a jere a gida ɗaya kina da albashin wata ɗaya na sallama. Ke saura wata shida ki kai, ki riƙe wannan a ranki. Harkarku ta Musaned, shafin masu aikin gida, take bi, ba Qiwa ba. Lissafin 8.75 da na yi masa kada ki ɗauka naki ne. Tunda kin ce matar tana da sauƙin kai, ki nemi ta ware miki lokacin barci da rana, wannan haƙƙinki ne ba alfarma ba.

Alhaji, Allah ya ƙara girma, na yarda a fara da zama. Dokar ma haka ta tsara: duk ƙorafin da aka shigar a Ma'aikatar Kula da Ma'aikata da Ci gaban Al'umma, sai ya fara bi ta taswiya wuddiyya, wato sulhu, na ranakun aiki 21, in ya gagara sannan a miƙa wa kotun ma'aikata. Kotunan nan sun fara aiki a 2018, kuma ma'aikaci ba ya biyan kuɗin shigar da ƙara a kan haƙƙin aikinsa. Inda nake tsoro shi ne zaman gida ya zama yau da gobe. A sa wa'adi, mako ɗaya ko biyu. Wanda ya bar aiki kuma yana da wata 12 ne kawai daga ranar rabuwa, bayan nan kotu ba ta sauraron ƙarar sai da uzuri.

Ɗan Gwammaja, abu biyu da ban faɗa maka ba. Tun Maris 2021, in albashi ya yi wata uku a jere bai fito ba, kana iya komawa wata sharika ta Qiwa ba sai kafili ya yarda ba. Kana dab da kaiwa, to ka fara cigiyar wurin da zai karɓe ka, a asirce. Na biyu, kuɗin sallama. Sashe na 84 ya ba ka rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan. Naka a yau ya kai kimanin riyal 1,750. Amma in kai ka rubuta takardar ajiye aiki, tsakanin shekara biyu da biyar kashi ɗaya cikin uku kawai za ka samu, wajen 583. Don haka in sun kawo maka takardar istiƙala, wato ta ajiye aiki, ita ma kada ka taɓa ta. Sashe na 81 ya ba wanda mai aiki ya saɓa wa manyan sharuɗɗan kwantiragi damar barin aiki da cikakken haƙƙinsa, sai dai wannan ba abin da za ka yanke kai kaɗai a ɗaki ba ne, ka bari sai ƙorafinka ya shiga tukuna. Gargaɗin Alhaji yana da tushe: fashin aiki fiye da kwana 15 a jere ba dalili yana ba su damar korarka ba ko sisin sallama. Lambar ma'aikatar 19911 ce in kana son ji daga bakinsu.

Abu Safwan, Hustan, Amurka:

Salam. Na yi karatu a Madina shekara shida kafin in dawo nan Teksas, har yanzu ina leƙo ku. Yaya Ɗan Gwammaja, labarinka ya taɓa ni don na sha irinsa a nan, a wani ɗakin ajiye kaya da na fara aiki.

Mutanenmu suna ɗauka a Amurka ma'aikaci ba ya kuka. Bari in faɗa muku yadda yake. Ku a Saudiyya doka ɗaya ce daga Jizan har Tabuk. Mu nan hawa biyu ce, ta tarayya da ta jiha, kuma wadda ta fi amfanar ma'aikaci ita ake bi. Ta tarayyar tun 1938 take. Mafi ƙarancin lada a cikinta dala 7.25 a awa, bai motsa ba tun 2009, kuma Teksas a kansa ta tsaya. Kaliforniya kuwa ta kai dala 16 a 2024. Kusan irin abin da ake yi a gida ne, da tarayya ta sa naira 70,000 a 2024 wasu jihohi kamar Legas suka ɗara. Obatayim a dokar tarayya sai ka wuce awa 40 a mako, sannan a biya ka ɗaya da rabi. A Kaliforniya da ka wuce awa 8 a rana ɗaya ya fara, in ka wuce 12 a ninka maka. Masu kai abinci tebur a gidajen abinci, da yake suna samun ihsani daga masu ci, dokar tarayya ta yarda a ba su dala 2.13 kacal a awa, muddin ihsanin ya cike gurbin.

Kuma dokar tarayyar nan ba ta tilasta hutun shekara da biya ba, ba ta tilasta hutun cin abinci ba, babu kuɗin sallama a cikinta. Ku kuna da kwana 21 a shekara, ya koma 30 bayan shekara biyar. A takarda dokarku ba ta baya ba ce. Wahalar a can ita ce zamanka a ƙasar yana ɗaure da wanda kake ƙara, na san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fitar da ni a nawa shi ne ɗan littafi. Shugaban sashenmu yana sa mu buga katin tashi sannan mu koma mu ƙarasa lodi, minti arba'in, wani lokacin awa guda. Wani ɗan Ghana da ya girme ni ya ce in sayi littafi in riƙa rubuta kwanan wata da lokacin shiga da na fita na gaskiya, kullum, kafin in kwanta. Wata bakwai na yi ina rubutawa. Da magana ta kai sashen kula da lada da awowi na ma'aikatar ƙwadago, littafin nan mai maiƙo a gefe shi na ajiye, aka biya mu abin da muke bi. Na'urar basma a hannunsu take, Yaya, suna iya cewa ta lalace. Ka sayi littafi yau. Ka riƙa ɗaukar hoton agogon na'urar da wayarka in ka shiga da in ka fita. In mudir yana turo jadawalin aiki ta WhatsApp, kada ka goge ko ɗaya.

Ɗan Gwammaja, Jidda:

'Yan uwa, Allah ya saka muku da alheri, ya ji ƙan iyayenku. Kwana goma sha biyu ke nan, na ga ya kamata in dawo in faɗa muku inda aka kwana.

Ban sa hannu ba. Na mayar wa mudir takardarsa bayan na ɗauki hotonta, na ce masa cikin ladabi in za a biya ni a tura banki. Tun ranar bai sake amsa sallamata ba, ya kuma mayar da ni wankin tukwane zalla. Na sayi littafin riyal 3 a shago kamar yadda Abu Safwan ya ce, yana ƙarƙashin katifata. Jadawalin azumin bara ma na same shi a wayata, ashe ban goge ba.

Baba Alhaji, na bi shawararka. Wani dattijo ɗan Zariya da ke sallah a masallacin unguwarmu, wanda ya haura shekara talatin a nan, shi ya raka ni wurin mai gidan. Ya karɓe mu da kyau, aka kawo shayi. Da dattijon ya ajiye masa lissafin ya daɗe yana kallon takardar bai ce komai ba. Ya ce kuɗin igama bai san ana cirewa ba, zai bincika. Ya ce kasuwa ce ta ja baya, ga haya ga kuɗin lasisin ma'aikata, kuma na yarda akwai gaskiya a ciki don ni ma ina ganin kajin da ke kwana. Bayan kwana biyu wata ɗaya ya shigo asusuna, a daren na tura gida, an biya mai shago an sayi maganin Hajiya. Amma a kan idafi ya ce bai taɓa biyan kowa ba, in ya biya ni sai ya biya mutum goma sha huɗu, ba zai iya ba.

Na ba shi mako guda kamar yadda Yaya Baban Khalifa ya ce. Mako ya cika jiya, ba sauran albashin ba maganar 200 ɗin. Da safe kafin in tafi aiki na shigar da ƙorafin sulhu ta waya, dattijon ya taimake ni da Larabcin. Hannuna yana rawa na danna. Ɗaya daga cikin biyun da suka sa hannu ya same ni a bayan kicin yana tambaya ko shi ma yana da sauran dama, na nuna masa abin da aka rubuta a nan a kan sashe na 8, ya ce zai yi tunani, yana tsoro, shi ma yaransa huɗu.

Saƙo ya shigo an sa mana zama ranar Talata mai zuwa. Yaya Baban Khalifa, in na turo maka kwantiragin da bayanin bankin ta akwatin sirri, za ka iya jera min lissafin wata-wata tun daga farko, da na azumi biyu daban? Kuma in akwai wanda ke Jidda mai Larabci sosai da zai iya zama kusa da ni ranar, don Allah ya yi min magana. Dattijon zai tafi Madina ranar Lahadi.